Albashin Ɗa, Gumin Iyaye



Akwai wani aiki da ake yi kowace safiya a garuruwanmu, daga Kano zuwa Sakkwato, daga Maraɗi zuwa Damagaram, wanda babu ma'aikatar da ta rubuta sunan masu yinsa, babu kuma ranar da ake biyansu. Shi ne hidimar da iyaye ke yi wa 'ya'yansu da suka girma, suka yi aure, suka kama aiki. Tsohuwa ta karɓi jika da sassafe don 'yarta ta samu fita. Dattijo ya ɗauko yara daga makaranta, ya biya ya sayi katin wuta, ya wuce ya tsaya a kan ginin ɗansa. Wata ta yi surfe da niƙa, ta ƙulla kuka da daddawa, a kai tasha a ba direba. A kan waɗannan bayin Allah nake so mu yi magana yau.

Mun saba jin wa'azi a kan abin da ɗa zai yi wa iyayensa, kuma wa'azin gaskiya ne, Suratul Isra'i kaɗai ta ishe mu hujja. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a gidaje da yawa yau, hidimar daga sama take gangarowa. Mutum ya ba shekara 35 baya, ga mata ga 'ya'ya, ga katin shaidar aiki rataye a wuya, amma in mahaifiyarsa ta kwanta zazzaɓin kwana uku, daga gidansa har wurin aikinsa sai sun ji a jikinsu.

Yaya aka yi muka zo nan? A da, a karkara, ɗa ko ya yi aure yana cikin gandun mahaifinsa. Da safe ya bi uban gona, ya yi noma har azahar, sa'an nan ya wuce gayaunarsa. Shi kuma uba shi ke ciyar da gida, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa ɗan auren fari. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta bayyana wannan tsari a littafin da ta fitar a 1972. Kowa ya san nasa: ga abin da ke wuyan ɗa, ga abin da ke wuyan uba. Yau ƙarfin ɗan ya bar gonar uba, ya koma ofis, ko banki, ko asibiti, ko barikin soja. Daga ƙarfe takwas zuwa huɗu ba shi da ikon kansa. Ita kuwa hidimar gida ba ruwanta da wannan. Ofishin da zai je karɓar takardar fili shi ma takwas zuwa huɗu yake buɗe. Makarantar yara tana tashi tsakar rana. Rigakafi da safe ake yi. Mai gyaran famfo ya ce yana zuwa da hantsi, sai a gan shi bayan la'asar, kuma dole wani ya zauna jiransa. To, wa ke da rana a hannunsa? Sai wanda ya ajiye aiki. Galibi ma'aikacin gwamnati a Najeriya yana ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Wanda ya fara aiki yana ɗan 22, yana 57 zai dawo gida, da sauran ƙarfinsa, da sanin kan gari, da sanin mutane.

Ku zo mu leƙa wani gida a unguwa irin Gwammaja, bakwai saura na safe. A-daidaita-sahu ta tsaya a ƙofar gida. Ma'aikaciyar jinya ce ta sauko, farin kaya a ƙarƙashin hijabi, goye da jariri ɗan wata uku, jaka a kafaɗa. Ta yi sallama, ta durƙusa ta gaida mahaifiyarta da ke kan darduma da carbi a hannu. Tana kwance goyon tana cewa, "Umma, ga maigidan naki, jiya bai bar ni na runtsa ba." Tsohuwar ta miƙa hannu: "Kawo shi nan, mijin da ba cefane sai kuka." A cikin jakar akwai kayan sauyi, da filas ɗin ruwan zafi, da nonon da ta tatsa tun asuba a kofi mai murfi, da katin asibiti. Ta ce, "Umma, jibi ne allurarsa ta mako 14, kuma aikin safe gare ni." Uwar ta ce, "Je ki abinki, Allah ya yi albarka, zan kai shi."

Da wannan "je ki abinki" aka buɗe ɗakin haihuwa a wannan safiya. Mu ne muke cewa mun fi son mace ta karɓi haihuwar matanmu, mace ta duba su, mace ta koyar da 'ya'yanmu mata, kuma muna da dalilinmu. To amma macen nan ita ma matar wani ce, ita ma tana haihuwa, ita ma tana shayarwa. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba mai ciki hutun mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida a wurin aikin. Ku lissafa: ana yin arba'in da kwana biyu, hutun bayan haihuwa ya ƙare. Dokar ta ƙara mata rabin awa sau biyu a yini don shayarwa, amma rabin awa ba zai kai mace daga Bompai zuwa Gwammaja ya dawo da ita ba. Ma'aikatan gwamnatin tarayya sun daɗe suna samun aƙalla mako 16. A Nijar mako 14 ne. Legas ta mayar da nata wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa take a ba jariri nono zalla har wata shida. Wannan rata da ke tsakanin abin da likita ya ce da abin da doka ta bayar, a yawancin gidajenmu kaka ce ke cike shi, da bayanta da zaninta.

Hidimar iyaye maza kuma ta fi fitowa fili a wurin gini. Ɗa yana aiki a Abuja ko Legas ko Fatakwal, wani ma yana asibiti a Saudiyya ko Ingila. Ya sayi fili a gida, yana turo kuɗi kaɗan-kaɗan. Wa zai tsaya? Baba. Za ka same shi tun hantsi a kan benci, a inuwar katangar maƙwabci, da ɗan littafi da biro a aljihun gaba. Tifa ta juye yashi, ya tashi ya damƙa, ya murza a tafin hannu ya ga ko da laka. An sauke bulo, ya ƙirga, ya ɗaga ɗaya ya sake shi ƙasa ya ga ko zai ruguje. Ya san buhun siminti nawa aka buɗe tun safe, don ba a fita da fankon buhu sai ya lissafa. Ya tsaya a kan birkila kada a rage rodi a ginshiƙi, ya sa a yi wa gini ban-ruwa safe da yamma. Bayan isha'i ya kira ɗan a waya: "Yau an ci buhu takwas, na sallami leburori, saura kuɗin mai ga-ruwa." Ɗan ya ce, "To Baba, Allah ya ƙara girma, gobe in sha Allahu zan turo." Duk wanda ya taɓa ba wani amanar gini, ya dawo ya tarar rabin kuɗin ya bi ruwa, ya san darajar wannan zama na benci. Da bare aka ɗauko ya yi wannan aikin, da kuɗi za a yanka masa, kuma ba lalle ya yi rabin abin da tsohon ya yi ba.

Sai kuma maganar ciki. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, komai ya bi ta. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, amma duk mai iyali ya san iyakar inda wannan ke kai shi. Je ka tashar Unguwa Uku a Kano ko ta Kawo a Kaduna, ka ga buhunan da aka rubuta wa lambar waya a jiki. Garin masara ne, da gero surfaffe, da busasshiyar kuɓewa, da yaji, da man gyaɗa a jarka an ɗaure bakinta da leda. Iyaye ne suka saya lokacin girbi a kasuwar ƙauye ko a Dawanau, suka gyara, suka aika. Ma'aikata nawa ne wannan saƙo ke kai su ƙarshen wata ba tare da sun ci bashi ba?

Akwai masu ganin wannan duk sangarta ce, suna cewa wanda ya isa aure ya isa ɗaukar kayansa. Ni ban tafi a kan wannan ba. Taimakon iyaye ga ɗan da ya girma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mace takan tafi goyon ciki gidansu a haihuwar fari. Uwa ko gwaggo takan zo ta zauna wankan jego. In lokacin yaye ya yi, wurin kaka ake kai yaro. Kuma su kansu tsofaffin suna samun nasu a ciki. Dattijon da ya shekara 35 yana fita kullum, ranar da aka ce ya zauna babu inda za shi, zaman ne ke fara cin sa kafin ciwo. Jika kuma a gaban kaka yake koyon gaisuwa, da addu'ar cin abinci, da Hausar da ba a gauraya ta ba, da sanin wane ne kawu wane ne baffa. Wannan ba abin da za a saya ba ne a makarantar kuɗi.

Inda nake da magana shi ne nan. Duk waɗancan hidimomi na da, suna da iyaka. Wankan jego kwana 40 ne, a yi sallama, a haɗa wa tsohuwa sabulu da turmin zane ta koma ɗakinta. Yaye 'yan makonni ne ko watanni. Gandu ma yana da ƙa'idarsa da kowa ya sani. Hidimar yau kuwa ba ta da ranar farawa da aka zauna aka yanke, ba ta da ranar ƙarewa. An fara da "Umma, riƙe min shi na wata biyu kafin in samu mai aiki." Wata biyu ya zama shekara biyu. Kafin a yaye wannan an haifi ƙaninsa. Ƙanwar uwar yaran ita ma ta samu aikin koyarwa, ta kawo nata. Sai ka tarar da mace mai shekara 65, wadda ta goya nata takwas ta sauke, ta koma wankin kashi da dama koko da tsallen bin mai rarrafe, babu Asabar babu Lahadi, don ranar hutun ma akwai biki ko ƙarin karatu da 'yar za ta je.

Kuma ba za ta faɗa ba. Wannan shi ne abin da ya fi damu na. Uwa Bahaushiya ba za ta buɗe baki ta ce wa 'yarta "na gaji da ɗanki" ba, kara ba za ta bar ta ba. In ɗan fari ne ma, wanda ko sunansa ba ta faɗa, ina za ta iya yi masa ƙorafi? Sai dai ka ji ta ce, "Gwiwar nan ta matsa min kwana biyu." Ko ta ce, "An yi rasuwa a gidan su wance, har yau ban samu na leƙa ba." To, maganar ke nan ta yi, mai kunne ya ji. Islamiyyar matan aure da take zuwa da hantsi ta daina. Ranar da likita ya ba ta ta komawa awon hawan jini ko ciwon suga ta wuce, don ta faɗo ranar aiki. Shi ma Baba haka. Man da yake zuba wa babur ko tsohuwar motarsa ya kai yara ya ɗauko su, daga ɗan fanshonsa yake fita, kuma mun san dattawa da yawa da suka yi shekaru suna jiran garatuti. Ba zai taɓa cewa "biya ni kuɗin mai" ba. Girma ba zai bar shi ba.

Tunda su ba za su faɗa ba, nauyin yana kanmu mu 'ya'ya. Kuɗin hidima a riga a bayar tun kafin a kashe, ba sai an tambaya ba: na mai, na mota, na gawayi ko gas, na sabulu, na abincin da yaran ke ci a can. Kuma kada a haɗa shi da abin da aka saba ba iyaye na wata-wata, wancan haƙƙinsu ne tun ba a kai musu jika ba. Ranar asibitin tsohuwa a rubuta ta yadda ake rubuta ranar taro a ofis, a nemi izini a wurin aiki, a kai ta. A ware kwanakin da ba za a kawo mata kowa ba, ta samu ta yi zumuncinta. Kuma lokaci zuwa lokaci a sake tambaya, tambaya ta gaskiya wadda ta bar ƙofar a'a a buɗe. In ana jin nauyin ba za ta iya faɗa ido da ido ba, a bi ta wurin ƙanwarta ko aminiyarta, su sun san abin da take faɗa in ba ma nan.

Ina da magana ta musamman da magidanta. Ciyar da yaro da kula da shi a wuyanka yake, malam, ba a wuyan surukarka ba. Matarka tana aiki, albashinta yana rage maka nauyi, uwarta tana rainon ɗanka, kai kuwa sai ka yi wata ba ka taka ka gaishe ta ba. Wannan ba daidai ba ne. Gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin da matarsa ta haihu tun 2021, wato ita ma hukuma ta yarda uba yana da aiki a gida bayan sayen ragon suna. Kai yara makaranta kafin ka wuce aiki ba zai rage maka komai ba. Haka nan in iyayen ɓangare biyu suna gari ɗaya kuma suna da hali, a raba kwanakin, kada a bar wa tsohuwa ɗaya.

Su ma iyayenmu, da girmamawa, akwai abin da zan roƙe su. Taimako ba ya zama lasisin mulkin gidan ɗa. Wadda take riƙe jika takan ji abin da ke faruwa tsakanin ma'aurata, wanda yake riƙe kuɗin gini ya san samun ɗansa, to amana ce, ba ta zaure ba ce, ba ta gidan biki ba. Kuma ranar da aka saɓa, kada a yi gori da hidimar. Sai maganar lafiya, wadda ita ce ta fi kawo sa-in-sa tsakanin uwar miji da matar ɗa. An ce kada a ba jariri ruwa ko jiƙo kafin wata shida, Hajiya ta ce, "Mu da muka ba ku, mutuwa kuka yi?" Hajiya, waɗanda suka rayu ne kike gani. Ruwan da ba shi da tsabta yana kawo gudawa, yana kuma cika ɗan cikin da nono ya kamata ya cika. Kiran wanzami ya cire beli yana jawo zubar jini da shigar cuta. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka nuna alaƙar ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan kunun kanwa, da wanka da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Hanyar da na ga tana aiki ita ce a tafi da kakar asibiti ranar awo ko rigakafi, ta ji daga bakin ma'aikaciya. Abin da ba za ta karɓa daga matar ɗanta ba, sau da yawa takan karɓe shi daga mai farin kaya, kuma in ta karɓa ta fi kowa tsayawa a kai.

Akwai kuma adalci tsakanin 'ya'ya. Gidajenmu manya ne, wasu 'yan uba ne. In aka ga Baba kullum yana wurin ginin mai babban albashi, amma wanda yake faci a bakin titi ko wadda take sayar da abinci ba a taɓa riƙe musu yaro na yini ɗaya ba, ƙullin da zai shiga zukata yakan wuce rayuwar iyayen, ya fito ranar rabon gado.

Kada kuma wani ya ji wannan sharhi ya ce to bari ya sauke wa tsohuwa, ya aika ƙauye a kawo masa yarinya 'yar shekara 10. Wannan sauke kaya ne daga kan mai rauni zuwa kan wadda ta fi ta rauni. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, firamare da ƙaramar sakandare. Yarinyar da ke goyon ɗanka da hantsi, aji ya kamata a same ta. In za a ɗauki mai raino, a ɗauki babba, a biya ta abin da ya dace.

Daga nan maganar ta bar gida ta koma kan masu ɗaukar ma'aikata, don su ne suka fi kowa cin moriyar wannan gumi ba tare da sun biya ko sisi ba. A ƙasar Suwidin, daga 1 ga Yulin 2024, doka ta ba iyaye damar miƙa wani ɓangare na kwanakin hutun rainonsu mai albashi ga wani, har da kakanni, su ma a biya su. Ban ce mu kwafo nasu ba, aljihunmu ba ɗaya ba ne. Amma akwai abin da muke iyawa. Asibiti ko makaranta ko sakatariya ko banki mai mata da yawa, ɗaki ɗaya mai iska da tabarmi da ruwa, da mata biyu amintattu da ake biya, ya isa ya sa rabin awar nan da doka ta bayar ta yi amfani, uwa ta leƙa ta shayar ta koma bakin aiki. Jihohin da ba su kai hutun haihuwa wata shida ba su duba abin da Kaduna da Legas suka yi. A tuna kuma ba kowace ma'aikaciya ce ke da uwa a gari ba. Wata an tura ta ƙaramar hukuma mai nisa, wata aure ya kai ta wata jiha, wata nata iyayen sun riga mu gidan gaskiya. Ƙungiyoyin ƙwadago, musamman ta malaman makaranta da ta ma'aikatan jinya da ungozoma, inda mata suke da yawa, in sun zauna da gwamnati a kan alawus da ƙarin girma, su sa ɗakin raino da tsawon hutun haihuwa a cikin takardar buƙatunsu, su kuma bi shi har a sa masa kuɗi a kasafi.